Zuwa ga abokan cinikinmu na Tawa, kan yankewar rezo

Assalamu alaikum. Alhazai, Hajiyoyi da ƙannenmu masu shagunan intanet, muna gaishe ku, muna kuma ba ku haƙuri kan yankewar rezo ta makonnin nan.

Labari ya iso mana daga kasuwa wai injunanmu sun tsufa, wai ba ma sanin rezo ya tafi sai an kira mu. Wallahi maganar ta yi mana zafi. Kowace sarba tamu, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da rezo, tana da rajistar da take cikawa da kanta, wadda ma'aikata ke kira syslog. Duk abin da ya faru sai ta rubuta shi a layi guda, da rana, da awa har daƙiƙa, da nauyin matsalar, daga mataki na 7 mafi sauƙi zuwa na 0 na gaggawa. Akwai kuma manhajar da ke ƙwanƙwasa wa eriyoyinmu dare da rana. Wadda ba ta amsa ba sai ta koma ja a allo, saƙo ya faɗa wayar mai aikin dare.

Mun bi rajistar layi-layi. A yawancin lokutan da kuka rasa rezo, eriyoyinmu suna amsawa lafiya lau, babban layin da muke saye a sari ne ya yi shiru, kuma gyaransa ba a hannunmu yake ba. Mun aika wa masu shi awannin a rubuce. Sauran kuwa zafi ne. In kuran ya ɗauke da tsakar rana, kilim ya tsaya, sai sarba ta rubuta cewa zafinta ya wuce ƙima, ta kashe kanta don kada ta ƙone. Tayar da gurup yini guda gazuwal yake sha, ga mai gida ya ƙara kuɗin haya, ya kuma hana mu ɗora faifan sola a rufi. Duk da haka ba mu ƙara muku ko dala ba.

Muna kan magana da waɗanda abin ya shafa, muna kuma duba wasu hanyoyi, in sha Allahu.

Alhaji mai kantin magani da ke tare da mu tun muna da eriya ɗaya, da Hajiya mai aika kuɗi wadda ta kira don ta tambayi lafiyarmu kafin ta yi ƙorafi, Allah ya saka da alheri. Wanda yake tunanin komawa wani wuri, don Allah ya fara biyowa ofis, mu buɗe masa rajistar ranar da ya rasa rezo ya gani da idonsa.

Naku,
Shugaban kamfani da ma'aikata