Amsa ga Dokta da ya ce a rataye madubi

Assalamu alaikum, Dokta.

A gaban jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa har yanzu nake duƙufa kan madubin ƙara girma ina ƙirga filankton, wato ƙananan halittun da ke yawo a cikin ruwa, alhali na'urar karanta DNA tana gama aikin wata guda a kwana biyu. Ka kuma kira aikina tsohon yayi. Wannan kalmar ce ta tsaya mini a rai.

Na yarda madubi yana da iyaka. A 1987, a Kanada, mutum 3 sun rasu, sama da 100 sun kwanta, bayan sun ci abincin teku mai ɓawo daga tsibirin Prince Edward, wanda ya tara gubar Pseudo-nitzschia multiseries, wani nau'in dayatom, wato filankton mai ɓawo kamar gilashi. A madubin haske ba ka raba ta da 'yar'uwarta pungens. Sai ka kai ga madubin lantarki, ka ƙirga layukan ramukan da ke jikin ɓawonta, biyu a pungens, uku ko huɗu a mai gubar. Wannan na sani tun kana firamare.

To amma na'urar taka, daga ina take samo suna? Haruffa kawai take fitarwa, ta kwatanta su da ma'ajiya. Duk sunan da ke cikin ma'ajiyar, wani ne ya zauna da madubi, ya tsamo ƙwaya ɗaya da siririn bututun gilashi, ya rene ta, ya siffanta ta. Jirgin Tara ya zagaya tekuna daga 2009 zuwa 2013, aka samu nau'i kusan 150,000 ta hanyar DNA, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su dace da komai a ma'ajiya ba. Wa zai raɗa musu suna? Ƙirga ma na'urar ba ta iya ba: ƙwaya guda ta dinofilajelet, wani rukunin filankton, na ɗauke da kwafi masu ɗimbin yawa na 18S, ɓangaren DNA da na'urar ke karantawa, sai ta nuna maka taro inda 'yan ƙalilan ne.

Batun tsada da ka kawo ba zan tsaya a kai ba. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma kowa ya san lokacin neman kuɗin sabuwar na'ura ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibai. Bara na miƙa wa wani mai digiri na biyu kwalbar ruwan teku da aka ɗiga wa aidin, na ce ya nuna mini dayatom ɗaya. Ya yi ta juya madubin, sannan ya tambaye ni ina ake jona kwamfuta. Ɗalibinka ne, Dokta.

Ka huta lafiya.