A Daina Gaggawar Yanke Cibiyar Bakwaini

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana ungozomomi da ma'aikatan ɗakin haihuwa a kan bakwaini, wato jaririn da ya zo kafin ciki ya cika mako 37.

A zamanin da muka koyi aiki, da zarar bakwaini ya faɗo sai a matse cibiya, a yanke, a ruga da shi wurin ɗumi, kuma da kyakkyawar niyya muke yi. Daga baya aka gane cewa wannan hanzari yana raba yaron da jininsa da ya rage a mabiyiya, wanda yake ci gaba da gangarowa zuwa jikinsa muddin ba a matse cibiyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jira aƙalla daƙiƙa 60, wato minti ɗaya, kafin a matse cibiya, kuma a 2023 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa nazarin da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan dubban bakwaini, inda aka ga jinkirin ya rage mutuwa kafin sallama daga asibiti da kusan kashi ɗaya cikin uku. Yana kuma rage bukatar ƙarin jini, kuma duk wanda ya taɓa yawon neman jini da tsakar dare ya san darajar wannan.

Abin da ke tsorata mu shi ne sanyi, amma ana iya tsane yaron, a lulluɓe shi a jikin uwarsa, cibiya tana nan ba a taɓa ta ba. Idan bai yi numfashi ba bayan an goge shi an motsa shi, to taimaka masa ya yi numfashi shi ne gaba da komai. Ina kuma jan kunnen masu tatso jinin cibiya da yatsu zuwa jikin yaro, domin ga wanda bai kai mako 28 ba hakan na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Tun da yawancin matanmu na karkara a gida suke haihuwa, ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi su kai wannan bayani har ga ungozomomin gida, tare da sabuwar reza da maganin chlorhexidine na shafawa a cibi, maimakon gashi da tsumma mai zafi ko shafa man goge baki.

Wassalam.

Ungozoma mai ritaya,
Zariya