Shawara ga iyalan da za su kamun kifi Tiga

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin magidantan da ke kai yara madatsar ruwa ta Tiga a lokacin hutu domin su ɗana fatsa. Abin so ne, amma yana son shiri.

A isa bakin ruwa da sassafe ko bayan la'asar, don idan rana ta take kifi yakan nutsa ƙasa. A fara gaisawa da Sarkin Ruwa ko masuntan wurin, su ne suka san gurbi mai zurfi da gaɓar da ke zaftarewa. Ƙaramar ƙugiya da tana sun ishi ƙarfasa. Tarwaɗa kuwa ta fi son hanjin kaza, kuma a riƙe ta ta bayan kai, domin ƙayar gefenta na huda hannu. Yawancin masu komowa hannu rabbana babbar ƙugiya suka saka, ƙarfasa ta tsattsage tanar ta bar musu ƙarfe.

Abin da ya fi damuna shi ne barin yara su yi wanka a ruwan da ke kwance. Nan katantanwar da ke yaɗa tsargiya take, kuma sai bayan makonni a ga jini a fitsarin yaro. Don Allah a tsare su a tudu, kada kuma a shiga kwalekwale babu rigar kariya.

Kifin da aka kama a farke cikinsa nan take, a cire hanji, a barbaɗa gishiri, a ajiye a inuwa kafin a kama hanya.

Wassalam,
Mai karatu daga Bebeji