Likita ya ci amanar ɗiyata, ina zan kai kukana?

Zuwa ga Hajiya mai shirin ba da shawara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni uwa ce mazauniyar Tawa, kuma ina roƙon ki sakaya sunana idan za ki karanta wannan wasiƙa a rediyo.

Makonni uku da suka wuce na raka ɗiyata, budurwa mai shekara 20 wadda an riga an sa ranar aurenta, zuwa wani asibitin kuɗi saboda tari da zazzaɓin da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa. Muka biya jaka biyar, muka zauna jiran layi. Da aka kira ta na tashi zan bi ta, sai likitan ya ce in dakata a waje, ya aiki ma'aikaciyar jinyar da ke tare da shi, sannan ya rufe ƙofa. Ban kawo komai a raina ba, domin mun tashi muna ɗaukar likita tamkar uba. Da ta fito na ga ta ja mayafi har ya rufe rabin fuskarta, takardar magani tana rawa a hannunta, kuma har muka isa gida ba ta ce uffan ba. Sai bayan kwana huɗu ta faɗa wa yayarta cewa ya sa ta tuɓe tufafin da awon ƙirji bai bukaci a tuɓe ba, ya taɓa ta inda ciwon bai shafa ba, yana yi mata maganganun da bakina ba zai iya maimaitawa ba.

Mahaifinta ya ce a bar wa Allah a rufa asiri, kada dangin angon su ji a fasa auren. Na san tsoronsa yana da tushe, domin a garinmu magana irin wannan yarinya take ɓatawa kafin ta taɓa wanda ya yi laifin. Amma a ranar akwai 'yan mata a kan bencin da muka zauna, wasu ba su da mai rakiya ma, kuma tunaninsu ya hana ni barci.

Wata 'yar'uwata da ta yi aikin jinya har ta yi ritaya ta ce mini likitoci suna da hukumarsu, Ordre des Médecins, wadda take sauraren ƙorafi a kan ɗabi'ar likita, tana iya yi masa gargaɗi, ko ta dakatar da shi na wani lokaci, ko ta soke sunansa ya daina aiki. Ta ce wannan hanya dabam take da ta kotu, inda ake kai ƙara wurin 'yan sanda ko mai gabatar da ƙara na gwamnati, kuma tun gyaran dokar hukunta laifuka na 2003 matsa wa mutum da neman lalata laifi ne a Nijar.

Hajiya, abin da ya fi damuna shi ne hujja. Ba mu da shaida sai bakin yarinyar, da takardar magani mai ɗauke da kwanan wata da tambarinsa, da ma'aikaciyar da ya fitar, wadda ban sani ba ko za ta yarda ta yi magana a kan mai ba ta albashi. Shin wannan zai isa a saurare mu? Idan na rubuta ƙorafi, a nan Tawa zan miƙa shi ko sai na je Yamai, kuma za a ɓoye sunan ɗiyata ko dole ne ta tsaya gabansa ta maimaita abin da ko ni ba ta iya faɗa mini ido da ido ba?

Ita ce ta fi kowa hakki a wannan magana, shi ya sa ba na son in tilasta mata. Ki koya mini yadda zan tambaye ta ra'ayinta ba tare da na fama mata ciwo ba, da yadda zan shawo kan mahaifinta, domin ba na son in ɗauki mataki a bayan idonsa. Saura wata biyu bikin, kuma har yau tarin bai sake ta ba, amma ta rantse ba za ta ƙara shiga ɗakin likita ba.

Wassalam,
Mai sauraronki daga Tawa.