Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya kan taba sigari

Assalamu alaikum Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate. Ranka ya daɗe, ya aiki ya jama'a.

Wata gardama ce da aka yi a teburin mai shayin unguwarmu ta sa nake rubuto maka. Wani yaro da bai wuce shekara 19 ba, sigari a hannu, ya ce mana wai ai mutanen Japan sun fi mu shan taba nesa ba kusa ba amma suna kai shekara 84, mu kuma da ba mu cika sha ba muna nan wajen 54, to ina cutarwar take? Wallahi majalisar ta yi tsit har da masu gyaɗa kai, kuma abin da ya fi damuna lissafin nasa ba ƙarya ba ne.

Kai likita ne, ka fi ni sanin amsar. Abin da ke janyo namu lissafin ƙasa ai yaran da maleriya da gudawa da tamowa ke kwashewa ne kafin su cika shekara 5, da matan da ke rasuwa wajen haihuwa. Ita kuwa taba ba ta gaggawa, sai ta bar mutum shekara 20 ko 30 yana zuƙa kafin ta zo karɓar bashinta da sankarar huhu ko ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Japan ɗin ma da yaron ke kafa hujja da ita, a shekarun 1960 maza 8 cikin 10 ne ke sha, daga baya sankarar huhu ta zama kansar da ta fi kashe mazansu, yanzu mazan da ke sha sun ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Asibiti mai kyau da abinci ne suka riƙe su, mu kuma wanne muke da shi?

In ana so a ga gaskiyar sai a gwada mutanen ƙasa ɗaya masu aiki ɗaya. An yi haka a Birtaniya, tun 1951 aka fara bin diddigin likitocinsu har tsawon shekara 50, aka gano mai shan taba yana asarar kusan shekara 10 na rayuwarsa, wanda ya daina yana ɗan shekara 30 kuwa kusan duka yake tsira da su. Likitoci fa, masu kuɗi masu asibiti a hannu. Ina ga ɗan acaɓa?

Kawuna ya yi shekaru yana shan kwali guda a rana, tari ya kama shi aka yi ta ba shi maganin tarin fuka, sai da ƙarfinsa ya ƙare aka gane huhu ne ya lalace. Allah ya jiƙansa. Rai na Allah ne mun sani, amma Allah bai ce mu jefa kanmu ga halaka ba.

Ranka ya daɗe, ba sabuwar doka nake roƙo ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005, muna da dokar 2015 da ƙa'idojin 2019 da suka hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, suka kuma hana sayar da sigari kara-kara. To don Allah a aiko wani ya tsaya gaban kowane mai tebur a Kano ko Zariya ko Bauci na minti goma kawai, zai ga ana aiken yaro ɗan firamare ya sayo kara biyu, ga shisha ta cika wuraren shaƙatawa 'yan mata ma sun shiga suna ganin ai ƙamshi ne kawai. Indonesiya ta ƙi shiga waccan yarjejeniyar, yau kusan maza 7 cikin 10 ke sha a can, mu da muka shiga muka bar takardar a durowa ina muka dosa?

Ka zauna da gwamnoni a fara kama masu sayarwa kara-kara, a ƙara haraji ya doshi kashi 75 na farashin sigari kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, a kuma kai maganar rediyo da masallatan Juma'a da Hausa yadda kuka yi lokacin rigakafin shan inna.

Yaron nan yana nan kullum bayan isha'i, jiya ma na gan shi da ƙaninsa.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Zariya