Ƙazuwa ba ƙazantar uwa ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙonku na shirin lafiya na daren Talata ya ɓata mini rai ƙwarai. Ya kusan rabin awa yana nanata cewa ƙazuwa ciwon 'ya'yan ƙazaman mata ne, mai gabatarwa kuma ko sau ɗaya bai tanka masa ba. Wallahi sai da na yi hawaye.

Bara ɗana mai shekara 7 ya dawo daga hutu yana susa. Ni ce mai yi wa yara wanka safe da yamma, amma kafin wata biyu mu shida a gidan ba mai runtsawa. Da dare ƙaiƙayin yake tashi, tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, gefen cibiya. Jaririyata har tafin ƙafarta. Saboda irin maganar da baƙonku ya yi, kunya ta sa na ɓoye, ina ta canza sabulu, har ƙurajen yaron suka yi mugunya.

Sai a asibiti wata ma'aikaciyar lafiya, Allah ya saka mata da alheri, ta zaunar da ni. Ta ce wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa rami cikin fata ya yi ƙwai, kuma sabulu ba ya kashe shi. Haɗa jiki da shimfiɗa ke yaɗa shi. Ta rubuta mana man shafawa na benzyl benzoate, jaririyar kuma man farar wuta. Ta ce kowa a gidan ya shafa a lokaci guda, har wanda bai fara susa ba, domin sai ƙwaron ya yi mako huɗu zuwa shida a jiki kafin ƙaiƙayi ya bayyana. Zannuwa da tufafi muka wanke da ruwan zafi muka shanya a rana, waɗanda ba sa wankuwa muka ƙulle a leda tsawon mako. Ta kuma gargaɗe ni cewa susar kan ci gaba makonni bayan ƙwaron ya mutu, kada in yi ta lafta wa yara magani.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan baƙonku bai faɗa ba. Uwa nawa ya sa ta ƙara ɓoye ɗanta a ɗaki? Ku nemo wanda ya san aikin ku sake shirin.

Sannan don Allah, lambar wayar da kuke bayarwa ba ta shiga. Sau tara na kira a daren nan.

Wata uwa, daga Zariya