Koke zuwa ga Mai Girma Ciyaman: a taimaka mana mu samu ƙuri'a a harkar kurket, amma don Allah kar a naɗa mana shugabanni

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
ta hannun Kansila mai kula da matasa da wasanni.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne 'yan wasan kurket na wannan ƙaramar hukuma, da masu horar da yara, da iyayen yaran, da wasu malaman makaranta da suka ɗauki abin da muhimmanci. Mun rubuta koken nan mun kuma ɗora shi a intanet ne saboda mun yi ta zarya sakatariya ana ce mana a dawo gobe, kuma duk wanda muka fara yi wa bayani sai ya ce "kurket kuma? wannan na 'yan Indiya?" shi ke nan magana ta mutu a nan. To mun ga gara mu zauna mu rubuta komai dalla-dalla yadda za ka karanta da kanka, ko da ya yi tsawo a yi mana haƙuri.

Matsalarmu a taƙaice, muna buga wasa amma a takarda babu mu. Kuma a harkar kurket wanda babu shi a takarda ba shi da ƙuri'a, wanda ba shi da ƙuri'a kuwa ko an yi rabo ba a tunawa da shi.

Bari mu yi bayanin yadda abin yake, don sai an gane tsanin sannan za a gane inda muka maƙale. Can sama akwai hukumar kurket ta duniya, ICC, wadda Ingila da Ostireliya da Afirka ta Kudu suka kafa a 1909, hedikwatarta tana Landan har zuwa 2005 da aka mayar da ita Dubai. Tana da cikakkun mambobi 12, na baya-bayan nan su ne Afganistan da Ayilan da aka ɗaga a 2017, sai kuma sauran ƙasashe fiye da 90 da suke ƙananan mambobi. ICC ba ta san kulob ba, ba ta san ƙaramar hukuma ba, hukuma ɗaya tak take ganewa a kowace ƙasa, ita take tura wa kuɗi, ita take gayyata gasa. Ita kuma hukumar ƙasa ai ba daga sama ta faɗo ba, mambobinta su ne ƙungiyoyin jihohi ko yankuna, su ke tura daliget zuwa babban taron shekara-shekara, a can ake zaɓen shugaba da 'yan kwamitin gudanarwa, a can ma'aji yake karanta lissafin kuɗi, a can ake gyara kundin tsarin mulki in za a gyara. Ƙarƙashin kwamitin akwai ma'aikata masu albashi da suke tafiyar da ofis kullum, da kwamitin masu zaɓen 'yan wasan ƙasa, da na alƙalan wasa, da na ladabtarwa, da sashen da ke kula da yara da mata. Su kuma ƙungiyoyin jihohin, kulob-kulob masu rajista ne suke zaɓen shugabanninsu. To ka ga ashe ƙafar tsanin gaba ɗaya a kan kulob take tsaye, mu kuwa namu kulob ɗin suna ne kawai da guruf na WhatsApp.

Ko manyan ma haka tsarin yake. Hukumar Ingila da Wales da aka kafa a 1997 tana tsaye ne a kan manyan gundumomi 18 da ƙananan gundumomi da kuma kulob ɗin MCC mai filin Lord's, wanda har gobe shi ke riƙe da dokokin wasan. Ta Ostireliya ƙungiyoyin jihohi 6 ne suka mallake ta, kuma tun 2012 suka fara shigo da daraktoci masu zaman kansu cikin kwamiti saboda sun gaji da kowa ya zo yana ja wa jiharsa kawai.

Ranka ya daɗe, ga abin da ya faru da mu wanda ya sa muka ce tura ta kai bango. Akwai wani yaro a cikinmu, ba za mu faɗi suna ba, mai jefa ƙwallo ne, hannunsa na hagu, wallahi in ya saki ƙwallo sai ka ji tana kuka a iska, kuma da ƙwallon tanis da muke naɗe wa salatif ya koya don ta fata tsada gare ta kuma ƙasan filinmu tana cinye ta cikin 'yan kwanaki. Aka yi sanarwar gwajin 'yan ƙasa da shekara 19, kocinsa ya cike fom da hannunsa, ya bi layi, da ya kai gaban tebur aka juya fom ɗin aka nuna masa wani ɗan akwati a baya, sunan kulob da lambar rajista da hatimi. Ya ce ba mu da lamba tukuna. Aka tura masa takardar ta kan tebur aka ce na gaba. Yaron yana tsaye a ƙofa da takalmin aro a leda, ko filin bai taka ba. Ba mu zargi mutumin da ke kan tebur ba, ƙa'ida ya bi, amma mun dawo ba mai magana da kowa a mota.

Da muka bi diddigi muka tarar abin da ake nema kafin a yi wa kulob rajista ba wani abu ne mai wuya can ba, kundin tsarin mulki a rubuce, sunayen shugabanni da aka zaɓa, asusun banki da sunan kulob, takardar shaida daga hukumar yankin da kulob yake, da kuma filin da za a ce nan ne gidansa. Uku na farko namu ne kuma mun kusa gamawa. Biyun ƙarshe kuwa a hannunka suke.

Maganar fili ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mutane suna ɗauka sai an gina mana sitadiyam, a'a. Zuciyar filin kurket wani ɗan siririn wuri ne mai tsawon yadi 22, wato mita 20 da 'yan kai, a nan ake kafa sanduna uku-uku a kowane ƙarshe, a nan ƙwallo take dira kafin ta kai ga mai bugu, kuma in wurin nan ya yi gargada ƙwallon tana iya tashi ta sami yaro a fuska, don tauri gare ta kamar dutse. Mun sha daddaɓe wurin da hannunmu mu yayyafa ruwa mu bar shi ya kwana, da safe mu zo mu tarar mai koyon mota ya yi kwana a kai ya bar mana sawun taya. Muna roƙo a yanka mana gefe guda na filin wasa na ƙaramar hukuma a rubuce, da izinin mu zuba kankare a wannan ɗan tsakiyar mu shimfiɗa tabarmar wasa a kai mu kafa raga ta atisaye a gefe, da ranakun da za a ce namu ne don kar mu riƙa rigima da 'yan ƙwallon ƙafa, waɗanda 'yan'uwanmu ne kuma da yawa cikinmu can muka fara. Takardar ita ce muhimmiya ko da ta shekara biyar ce, domin duk shekara hukumar ƙasa tana ƙidaya 'yan wasa da filaye da gasannin da aka yi ta aika wa ICC, kuma irin wannan ƙidayar tana cikin abin da ake dubawa wajen raba wa ƙananan mambobi kuɗi. Filin da ba shi da takarda ba ya shiga lissafi, yaranmu ma haka, ka ga ke nan har ita hukumar ƙasar asara take yi da rashinmu ba ta sani ba.

Yanzu ga inda muke so a saurare mu da kyau, kuma muna neman afuwa in maganar ta yi nauyi. Mun ji ƙishin-ƙishin cewa in aka amince za a taimaka mana, to za a kafa "kwamitin kurket na ƙaramar hukuma" a naɗa masa shugaba daga ofis. Don girman Allah kar a yi haka. Ba raini ba ne, dokar wasan ce ta hana, ICC ta wajabta wa mambobinta su tafiyar da harkarsu ba tare da gwamnati ta sa hannu ba kuma su yi zaɓe na gaskiya, kuma ba ta wasa da wannan. A 2019 hukumar wasanni ta gwamnatin Zimbabuwe ta dakatar da shugabannin kurket na ƙasar ta ɗora nata, a watan Yuli ICC ta dakatar da ƙasar, ta rufe famfon kuɗi, aka cire su daga wasannin neman gurbin kofin duniya na T20, wato gajeren nau'in wasan kurket, Najeriya ce ma ta maye gurbinsu a ɓangaren maza, Namibiya a na mata, sai a Oktoba aka dawo da su bayan an mayar da zaɓaɓɓun kan kujerunsu. A Nuwamban 2023 ministan wasanni na Siri Lanka ya fusata da kashin da aka ba su a kofin duniya, inda Indiya ta fitar da su duka da maki 55 kacal, ya rushe hukumar ya kafa kwamitin riƙo, cikin 'yan kwanaki ICC ta dakatar da su, gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da 19 da za su karɓi baƙunci aka ɗauke ta aka kai Afirka ta Kudu. Ƙasar da ta ci kofin duniya a 1996 fa ke nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa. Mun san mu ƙanana ne ICC ba za ta taɓa jin sunanmu ba, amma ƙa'idar tana gangarowa har ƙasa, kuma ranar da muka tura daliget wani ya miƙe a taro ya ce wannan naɗaɗɗe ne ba zaɓaɓɓe ba, ƙuri'ar da muka sha wahala a kanta ta tashi a banza.

Kar kuma a ɗauka muna cewa a bar masu kurket su yi yadda suka ga dama, mu ma mun san halin mutane in kuɗi ya shigo. Indiya ce ta fi kowa kuɗi a wasan nan, hukumarta BCCI tun 1928 take, amma bayan badaƙalar caca da sayar da wasa a gasar kulob-kulob ta Indiya, IPL, ta 2013 sai da Kotun Ƙoli ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon alƙalin alƙalai Lodha a 2015, kuma abin da ya fito da shi ya burge mu, wanda ya haura shekara 70 ya sauka, minista ko ma'aikacin gwamnati ba zai riƙe muƙami ba, wanda ya yi wa'adi ya huta kafin ya sake tsayawa, a sa wakilin babban mai binciken kuɗi na ƙasa a cikin majalisar gudanarwa, 'yan wasa su ma a ba su kujera. Da shugabannin suka yi taurin kai kotu ta tsige shugaban a Janairun 2017. Kenya kuma da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 2003, rigimar shugabanci da ta kuɗi tana cikin abin da ya durƙusar da ita har ta rasa matsayinta na buga manyan wasannin yini ɗaya a 2014. Shi ya sa a kundin da muka rubuta muka sa wa'adi biyu kawai ga kowane shugaba, sa hannun mutum biyu kafin a cire ko sisi, karanta lissafi a bainar jama'a duk shekara, kujera ɗaya ta 'yan wasa, ɗaya ta mata. Wasu cikinmu sun yi gunaguni kan wa'adin, musamman waɗanda suka kafa abin da guminsu, amma aka kaɗa ƙuri'a suka sha kaye.

Abin da muke so daga ofishinka a wannan ɓangaren shi ne ka zama uban ƙungiya, ka turo wakili ranar zaɓe ya zauna ya gani da idonsa ya sa hannu a matsayin shaida, ba ya zaɓe ba a zaɓensa. In kuma ƙaramar hukuma ta ba mu ko kwabo, odita ɗinku ya zo ya bincike mu a kan wannan kuɗin har ƙarshe, mun yarda, ƙofa a buɗe take.

Sai ƙaramin roƙo na ƙarshe, a yi wa sashen ilimi magana ya bar mu mu shiga firamare da ƙananan sakandare sau ɗaya a mako, maza da mata, mu za mu zo da sanduna da ƙwallo masu laushi. Tun 2018 ga mata, 2019 ga maza, duk wasan T20 da ƙasa mamba ta buga da wata ana lissafa shi cikakken wasan ƙasa da ƙasa, kuma kurket zai dawo gasar Olamfik a Los Angeles a 2028 bayan rabonsa da ita tun 1900, to yarinyar da ta fara riƙe sanda a aji huɗu yau akwai inda hanyar take kaiwa.

Mun haɗo da kwafin kundin tsarin mulkinmu, da zanen gefen filin da muke nema, da takardun sa hannun iyaye da 'yan wasa, duk suna wurin sakataren kansila. Muna roƙon a sa mana rana mu zo mu biyar mu yi bayani baki da baki, kuma in da hali kafin hukumar jiha ta rufe rajistar kulob ta bana, don yaron nan mai hannun hagu shekara ɗaya ta rage masa a rukunin 'yan ƙasa da 19.

Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Mu ne naka,
'Yan wasa, masu horarwa, iyaye da malamai,
a madadin kulob-kulob ɗin kurket na wannan ƙaramar hukuma.